Alhaki da Na'urar da Ba Ta da Wuya

Alhaki kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci tun da daɗewa, ta shigo da ita da "al" ɗinta a gaba kamar yadda ta yi wa alƙali da alkama da albasa, ta kuma ɗauko wannan tushen dai ba tare da "al" ɗin ba ta samu haƙƙi, har ya zamana kalma guda ta Larabawa ta haifi 'ya'ya biyu a bakin Bahaushe, kowanne da aikin da aka ba shi. Haƙƙi shi ne abin da mutum yake bin wani, na dukiya ko na mutunci ko na jini, alhaki kuwa shi ne abin da ke biyo mutum bayan ya danne wancan haƙƙin. Shi ya sa karin magana ya kira shi kwikwiyo, aka ce mai shi yake bi, wato ba sai an kai ƙara ba, ba sai an nemo shaida ba, shi da kansa ya san hanyar gidan wanda ya jawo shi.

Sai dai wannan "mai shi" ɗin yana da fuska biyu. Idan aka ce wa mutum ya guji alhakin maraya, an jingina alhakin ga wanda aka zalunta, kamar dukiyarsa ce da ke hannun wani. Idan kuwa aka ce alhaki ya kama wane, an koma ga wanda ya yi zaluncin. Kalmar ba ta tsayuwa da mutum ɗaya, sai da biyu, wanda aka cuta da wanda ya cuta, kuma kalmomin da ke raka ta duk na kaya ne mai nauyi: ana ɗaukarsa, ana ɗora shi, yana rataya a wuya, ana sauke shi. Gidajen rediyo sun ƙara mata wasu ayyuka, ta yadda a yau ake jin cewa wata ƙungiya ta ɗauki alhakin kai hari, ko kuma samar da ruwan sha alhakin gwamnati ne, don haka kalma ɗaya ta haɗa zunubin da ya riga ya auku, da ikirarin aikata shi, da nauyin da aka ɗora wa mutum tun kafin wani abu ya faru. Waƙoƙin wa'azi da malamai suka rubuta da ajami tun ƙarni na 19, da waɗanda makafi ke rerawa a bakin kasuwa, sun yawaita jan kunne a kan ma'anar farko, cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ana gafarta shi da tuba, amma abin da ke tsakanin bawa da bawa yana nan sai mai haƙƙi ya yafe. Wannan koyarwa ta ginu ne a kan abu guda da ba a taɓa tunanin zai yi wuyar samu ba, wato wanda aka cuta zai iya nuna wanda ya cuce shi.

A tsangayoyin koyar da shari'a na jami'o'in Turai da Amurka da wasu sassan duniya, ɗalibai masu neman digirin digirgir suna ɗaukar shekara uku zuwa huɗu ko fiye suna rubuta kundi a kan yadda doka za ta tafiyar da ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin kwamfuta da ke yin hasashe ko ba da shawara ko yanke hukunci a kan al'amuran da a da sai mutum ya zauna ya auna su. Wani yana nazarin haƙƙin mallakar fasaha, wani kare bayanan jama'a, wani nuna bambanci wajen ɗaukar ma'aikata, amma idan aka bi kowane kundi zuwa gindinsa za a tarar da tambaya ɗaya: in na'ura ta yi ɓarna, a wuyan wa abin zai rataya? Abin da ya sa tambayar ta yi tsauri shi ne irin waɗannan manhajoji ba a rubuta musu ƙa'idojin aiki ɗaya bayan ɗaya ba, ana zuba musu ɗimbin misalai ne su tsinci tsarin da ke ciki da kansu, har ya kai wanda ya gina su ba ya iya faɗin dalilin da ya sa suka ba da wata amsa a wata rana. A shekarar 2004 masanin falsafa Andreas Matthias ya kira wannan yanayi giɓin alhaki, yana nufin za a riƙa samun ɓarnar da babu wanda yake da cikakken iko a kanta balle a ɗora masa, kuma tun daga nan masu rubutu a wannan fage suke ta amincewa da wannan magana ko musanta ta.

Hujjar masu musantawa ta fi ƙarfi, domin abin da aka gani a zahiri shi ne alhakin ba ya faɗawa cikin wani giɓi, gangarawa yake yi ya sauka a kan wanda ya fi kusa kuma ya fi rauni. A daren 18 ga Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, wata motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta buge wata mata da ke tsallaka titi tana tura kekenta, ta rasu. Binciken hukumar kula da lafiyar sufuri ta Amurka ya nuna cewa na'urar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon, amma ta yi ta sauya mata suna, yanzu ta ɗauke ta mota, anjima keke, anjima wani abu da ba ta gane ba, saboda ba a tsara ta da tunanin mutum zai tsallaka titi a inda ba a shata don tsallakawa ba. An kuma kashe birkin gaggawa na ainihin motar, an rage ma'aikatan da ke zama a ciki daga biyu zuwa ɗaya. Ita ma ma'aikaciyar da ke bayan sitiyari hankalinta yana kan wayarta, kuma hukumar ta lissafa wannan a matsayin musabbabin farko, ta kuma soki sakacin kamfanin. Kamfanin ya sasanta da dangin mamaciyar da kuɗi, masu gabatar da ƙara suka ce a 2019 ba su ga laifin da za su tuhume shi da shi ba, ma'aikaciyar kuwa ita kaɗai aka gurfanar, aka yanke mata zaman sa ido na shekara 3 a 2023. Madeleine Elish, mai nazarin halayyar al'umma, ta yi bayanin irin wannan matsayi a 2019, inda ta kwatanta mutumin da ake ajiyewa gaban na'ura da sashen mota da ake ƙerawa don ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin karo. Bahaushe ya riga ya taƙaita zancen: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Babu mai cewa ma'aikaciyar ba ta da laifi, amma an ba ta aikin da sananne ne ɗan Adam ba ya iya jure masa, wato ya yi sa'o'i yana kallon abin da kusan kullum ba ya buƙatarsa, sannan ya farga cikin ƙiftawar ido a ranar da ya buƙace shi.

Hannu da yawa, in ji masu iya magana, maganin ƙazamar miya, amma a wajen shari'a yawan hannu shi ne ke ɓatar da sawu. Wani masani, Dennis Thompson, ya rubuta a kan wannan tun 1980 dangane da ma'aikatun gwamnati, inda kowane jami'i ke sa hannu a guntun aiki har a rasa wanda ya yi aikin gaba ɗaya, kuma ƙirƙirarriyar basira ta ninka matsalar: wani ya tara bayanan, wani ya horar da babbar manhajar, wani ya saya ya gyara ta don wata sana'a, wani ya girka ta a banki ko asibiti, wani ƙaramin ma'aikaci ya danna maɓalli. A watan Fabrairun 2017 Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ta nemi a duba yiwuwar yanke wannan ƙulli ta wata hanya, a bai wa na'urori mafi ƙwarewa matsayin mutum a idon doka don su ɗauki nauyin ɓarnarsu, amma a shekara mai bi masana fiye da 150 suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna adawa da haka, kuma a 2020 majalisar da kanta ta ce babu buƙatar hakan. Gaskiya ne doka ta daɗe tana ɗaukar kamfani a matsayin mutum, to amma kamfani yana da dukiyar da za a kama, da shugabannin da za a kira, da sunan da yake tsoron ya ɓaci. Malaman fiƙihu suna da kalmar zimma, wato wannan ma'aji na ma'ana da ke tare da mutum wanda bashi da wajibi ke zama a cikinsa, kuma na'ura ba ta da shi. Duk abin da aka ɗora mata zai zame ne ya faɗi ƙasa, mai haƙƙi ya tashi hannu rabbana. An gwada wannan dabara a gaban wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia a Kanada, inda kamfanin jiragen Air Canada ya nemi ya nesanta kansa da manhajar hira ta shafinsa, wadda ta faɗa wa wani fasinja da kakarsa ta rasu cewa zai iya neman rangwamen ta'aziyya bayan ya yi tafiyar, alhali ƙa'idar kamfanin ba haka take ba. A Fabrairun 2024 kotun ta ƙi yarda, ta ce manhajar ɓangare ce ta shafin kamfanin, ta umarce shi ya biya kimanin dalar Kanada 800.

Tambayar abin da ke motsi da kansa ya yi ɓarna alhali ba shi da hankalin da za a tuhuma ta girmi kwamfuta da ƙarnoni masu yawa, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya ci karo da ita a babin jini da na hukunce-hukunce. Mazhabar Malikiyya ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan wanda ke koro ta, ko ke janta, ko ke kanta, ta kuma yafe abin da ta yi da kanta ba tare da sa hannun kowa ba. Game da amfanin gona kuwa, ɓarnar dare tana kan masu dabbobi, ɓarnar rana ba ta kansu, domin da rana mai gona ne ke da damar tsaron gonarsa, da dare kuwa mai dabba ne ke da damar ɗaure dabbarsa. Hikimar da ke cikin wannan rabo ita ce ba a tsaya binciken abin da ke cikin kan saniya ba, an tambayi wanda yake da ikon hana ɓarnar a lokacin da ta auku. Masana shari'ar Turai su ma sun koma ga dokar Rumawa game da dabbobi da bayi suna neman makamanciyar wannan ƙa'ida. Ƙiyasin yana da iyaka, domin saniya gona ɗaya take shiga, mai ita kuma sananne ne a ƙauye, manhaja guda kuwa tana iya yin kuskure iri ɗaya a kan mutane dubu ɗari a rana guda, a ƙasashe dabam-dabam, ba tare da ɗayansu ya san cewa na'ura ce ta taɓa shi ba.

Abin da ya faru a Holan ya nuna girman wannan bambanci. Hukumar haraji ta ƙasar, wadda a lokacin take raba tallafin kuɗin renon yara, ta yi amfani da wani tsarin kwamfuta mai ware takardun da ake zargin akwai zamba a cikinsu, kuma daga cikin alamomin da tsarin ke dubawa har da ko mai neman tallafin ɗan ƙasa ne. Aka tuhumi dubban iyaye da zambar da ba su yi ba, da yawansu 'yan asalin wasu ƙasashe, aka tilasta musu mayar da kuɗin shekaru gaba ɗaya a kan kuskure ƙarami kamar rashin sa hannu a wata takarda, gidaje da dama suka nutse cikin bashi. Ba na'ura kaɗai ta yi wannan aiki ba: majalisa ta yi doka mai tsauri, jami'ai suka aiwatar da ita ba sassauci, babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta yi shekaru tana tabbatar da hukuncin kafin ta sauya matsayi a 2019, daga baya ta nemi afuwa. Kwamitin majalisa ya fitar da rahoto a Disambar 2020, gwamnatin Firaminista Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021, aka yi alkawarin biyan kowane gida da abin ya shafa aƙalla yuro 30,000, hukumar kare bayanai ta ci hukumar haraji tarar yuro miliyan 2.75. Duk da haka masu gabatar da ƙara sun yanke shawarar ba za su tuhumi jami'an hukumar ba, Rutte kuma ya sake kafa gwamnati a 2022. An ɗauki alhaki da ma'anar ikirari, an biya wani abu na diyya, amma uwar da ta yi shekaru da tambarin 'yar zamba ba ta samu mutum guda da zai tsaya a gabanta ya ce shi ne ya yanke mata wannan hukunci ba, kuma yafiya ba ta yiwuwa ga wanda bai san wa zai yafe wa ba.

Ɗalibin da ke rubutu a wannan fage yana fama da wata wahala da takwaransa mai nazarin dokar gado ko ta filaye bai sani ba, wato abin da yake nazari ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya fara kundinsa a 2021 ya fara ne da daftarin dokar ƙirƙirarriyar basira da Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar a watan Afrilu na shekarar, daftarin da ya kasa manhajoji gwargwadon haɗarin aikin da aka yi su dominsa. Kafin ya kai rabi sai ChatGPT ta fito a Nuwambar 2022, manhajar da ba a yi ta don aiki guda ba, aka koma aka ƙara babi a kan irinta, aka kuma sauya ma'anar da dokar ta bai wa ƙirƙirarriyar basirar kanta. Majalisa ta amince da dokar a Maris na 2024, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta. Wani masani, David Collingridge, ya bayyana tushen wannan tsaka mai wuya tun a 1980: lokacin da fasaha take sabuwa sarrafa ta yana da sauƙi amma ba a san illarta ba, lokacin da aka san illar kuwa ta riga ta kafu. Dokar ta haramta wasu ayyuka kwata-kwata, kamar bai wa jama'a maki a kan halayyarsu ta zamantakewa da karanta yanayin zuciyar ma'aikata a wurin aiki, ta sa tarar da ke iya kaiwa yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Ga manhajoji masu babban haɗari, irin na ɗaukar ma'aikata da ba da bashi da rabon tallafi, ta raba nauyi tsakanin wanda ya samar da wanda ke amfani, ta wajabta adana tarihin abin da na'ura ta yi da kuma sa idon ɗan Adam. Wajabcin adana tarihi ya fi abin da yake kama da shi muhimmanci, domin shi ne ke barin sawun da za a bi. Sa idon ɗan Adam kuwa, in ba a ba mai sa idon lokaci da ilimi da ikon cewa a'a ba, zai iya zama maimaicin abin da ya faru a Tempe.

Duk wannan ya shafi alhaki ne da ma'anarsa ta nauyin da ake ɗorawa kafin ɓarna. Ɗaya ma'anar, wadda ta shafi wanda aka riga aka cuta, an tanadar mata wani daftari dabam a Satumbar 2022, wanda zai bai wa kotu damar tilasta wa kamfani ya fito da bayanan na'urarsa, ya kuma sassauta wa mai ƙara wajen tabbatar da cewa sakacin kamfanin ne ya jawo cutarwar, tun da a al'ada hujja tana kan mai da'awa, shi kuwa ba ya ganin cikin na'urar. A Fabrairun 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta sanar da cewa za ta janye daftarin saboda ba ta hango za a cimma matsaya ba, kuma kundaye da dama da aka gina a kansa suka koma tarihin dokar da ba a haifa ba. Abin da ya rage shi ne sabuwar dokar lamunin kayan da suka zo da aibi ta 2024, wadda ta sanya manhaja cikin jerin kaya, ta kuma ba da diyya ba tare da an tabbatar da sakaci ba, sai dai ta taƙaita ga rai da lafiya da dukiya da bayanan da suka lalace. Wanda na'ura ta hana shi aiki ko bashi saboda sunansa ko unguwarsu ba ya cikin waɗanda ta rufe, alhali irin wannan cutar, marar jini marar ƙara, tana da yawa. Wasu masu bincike suna ba da shawarar inshorar dole ko asusun diyya, tsarin da mai karatun fiƙihu zai tuna da shi idan ya tuna yadda dangi ke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure. Wannan yana magance asarar kuɗi, amma ba ya gaya wa wanda aka cuta abin da ya faru da shi.

Abin da ake da shi a wannan ɓangare ya fito ne daga dokar kare bayanai ta Turai da ta fara aiki a 2018, wadda sashe na 22 nata ya bai wa mutum haƙƙin kada na'ura kaɗai ta yanke masa hukunci mai babban tasiri, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 tana da makamancin wannan tanadi. Shekaru da dama kamfanonin da ke auna cancantar mutum ta cin bashi suna cewa su maki kawai suke bayarwa, banki ne ke yanke hukunci, bankin kuma ya ce shi makin ya bi kuma bai san yadda aka lissafa shi ba. A Disambar 2023 Kotun Tarayyar Turai, a ƙarar da ta shafi kamfanin SCHUFA na Jamus, ta ce idan banki ya dogara ƙwarai da makin, to fitar da makin shi kansa hukunci ne, kuma mai fitar da shi yana ƙarƙashin sashen. A Fabrairun 2025 ta ƙara taku ɗaya a ƙarar wata mata 'yar Ostiriya da aka hana kwangilar wayar salula ta yuro 10 a wata saboda makin da wani kamfani ya ba ta: kotun ta ce wajibi ne a yi mata bayanin yadda aka yi amfani da bayananta ta hanyar da za ta fahimta, miƙa mata tarin lissafi ba ya wadatarwa, idan kuma kamfanin ya ce akwai sirrin kasuwanci a ciki, to ya kai sirrin gaban hukuma ko alƙali, su auna shi da haƙƙin matar su yanke gwargwadon abin da za a buɗe mata.